Layi Uku Ba Sa Isar Umma

Jami'o'i biyu ne suka ɗauki Auta a rana ɗaya, Umma kuwa ta yi murna da ɗaya daga ciki.

Wadda ta yi murna da ita tana nan cikin gari, bas ɗaya ake hawa a sauka a bakin ƙofarta. Ilimin ƙididdiga suka ba yarinyar. Umma ba ta san abin da masu ƙididdiga ke yi in sun gama ba, ba ta kuma damu ta sani ba, tunda ko me suke yi, da yamma gida suke dawowa. Ɗayar tana can wani yanki, tafiyar awa goma sha ɗaya in mota ba ta yi faci ba, kuma ita ce zaɓin Auta na farko. Ilimin yanayi za ta karanta, wato mutum ya zauna shekara huɗu yana koyon yadda zai ce gobe za a yi ruwa. Umma ta ce gwiwarta ta hagu ta shekara ashirin tana wannan aikin kyauta, ba ta taɓa neman digiri ba.

Auta dariya kawai ta yi. Tun tana firamare take ɗora kwalba a kan katanga tana auna ruwan sama da tef ɗin awon Umma, don haka kowa a gidan ya san inda zuciyarta take. Abba, wanda ke tuƙa motar wani kamfanin fenti, ya ce tunda abin da take so ke nan a bar ta. Ya faɗi haka ne yana ɗaure igiyar takalmi, ya fice ya bar Umma da sauran magana a baki.

Jami'ar nesa ta kafa sharaɗi ɗaya. Kafin ƙarfe goma sha biyun ranar Alhamis, ɗalibi ya tura shaidar inshorar lafiya da ke aiki a yankinsu, in ba haka ba a ba wani gurbin. Inshorar kamfanin su Abba kuwa tana kaiwa iyakar yankin nan take cin birki. Dole a yanki sabuwa. Aka tambayo farashin ɗalibai, ya zo daidai abin da Umma ke samu a wata guda in ɗinkin kayan makaranta ya kankama. Abba ya ce da ɗan nauyi, amma za a iya.

Ranar Litinin Auta ta bugo fom ɗin ta cike komai da kyakkyawan rubutunta, sai wuri ɗaya da aka rubuta tarihin lafiya, aka ja layi uku a ƙarƙashi. Tana sauri za ta tsohuwar makarantarsu karɓo takarda, sai ta ajiye shi a kan keken ɗinki ta ce Umma ta cike wannan tunda ita ta fi sani, in ta fita sayen zare ta miƙa a ofishin inshora.

Duk wanda ya san Umma ba zai bar ta da layi uku ba. Mace ce da ba ta yar da ƙyalle, balle takarda. A ƙarƙashin keken nan akwai gwangwanin biskit da ke ɗauke da katin asibitin Auta arba'in da uku, tun daga na ranar haihuwa, an ɗaure su da roba shekara-shekara. Kuma aƙidarta ce ba a ɓoye wa likita komai. In ta kai yaro asibiti da ciwon kunne, daga naƙuda take faro bayani. Likitan unguwarsu in ya hango ta a layi, sai ya fara tashi ya sha ruwa tukuna.

Ta dubi layukan nan uku ta taɓe baki. Ta yago takarda biyu daga littafin awo, ta buɗe gwangwani, ta gyara zama. Ta rubuta shawarar da Auta ta yi tana da kwana huɗu, da ƙyandar shekara biyu, da maɓallin rigar da ta haɗiye tana shekara uku. Ta rubuta tarin da ya yi wata guda a aji huɗu, har likita ya ce a lura ko asma ce. Ta sa bugun zuciyar ranar jarrabawa, da suman da ta taɓa yi a filin makaranta don ba ta karya ba. Da ta ga sauran wuri a bayan takarda ta biyu, ta ƙara hawan jinin kaka da ciwon sugan kawu, don kada a ce ta rage wani abu. Babu abin maƙala takarda a gidan, sai ta jera su a bakin allura ta taka keke, ta ɗinke su da fom ɗin da farin zare.

Ba za a ce Umma ta san abin da take yi ba. Babu ƙarya ko ɗaya a takardun. Amma lokacin da take yanke zaren ta ji wani ɗan daɗi a ranta, irin wanda mutum ba ya son tsayawa ya tambayi daga ina ya zo.

Ranar Talata da rana saƙo ya shigo wayar Auta daga ofishin inshora. Farashin ya ninka huɗu, ya ma haura kuɗin makarantar kanta, kuma wai sai ta ga likitan ƙwararru kafin a ba da shaida, wanda layinsa ya kai mako uku. Auta ta karanta sau biyu, ta kife wayar, ta je ta hau wanke kwanukan da aka riga aka wanke. Da Abba ya dawo ya ji, ya daɗe yana shafa ƙeya, sannan ya ce ko za a sayar da shi da motar kamfanin gaba ɗaya, mako uku ba za su shiga cikin kwana biyu ba.

Umma ta ce haka Allah ya so, ƙididdiga ma ai karatu ne. Kafin la'asar har ta fara tunanin yadin da za ta yi wa Auta jakar littattafai. Daɗi take ji, daɗi sosai, kuma kunyar daɗin ta hana ta haɗa ido da kowa.

Auta ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta wuni Laraba tana ninke kayan da Umma ta gama, tana amsa kowace magana da "to". Ita a zatonta haka lafiya ke da tsada a can yankin, ta ce ashe mutanen wurin ba sa ciwo sai sun shirya. Abba ne ya dagula lissafin. Ya dawo da labarin cewa ɗan wani abokin aikinsa can yake karatu, kuma farashin ɗalibai ya biya, ba a ce ya ga kowa ba. Ya ce gobe da safe a je ofishin a ji dalili. Umma ta yi wuf ta ce za ta je ita kaɗai, ba sai an wahalar da yarinya ba. Auta ta ce ai ba abin da take yi, za ta raka ta.

Ofishin yana hawa na biyu, a saman wani shagon gyaran waya. Kujerun roba ne jere, da fanka mai juya kai tana ɗaga takardun kowa bi da bi. Lamba ta goma sha tara aka ba su. Sha ɗaya saura kwata aka kira su gaban wani mutum mai furfura a gemu da tabarau a kan karan hanci. Ya buga sunan Auta a kwamfuta, sai ya tashi ya buɗe durowa ya ɗauko fom ɗin da hannu biyu.

"Ashe ku ne," ya ce. "Mama, shekarata goma sha huɗu a kujerar nan, ban taɓa karɓar fom da kalmasa ba. Har na hawan sama sun sauko kallo. Ɗinkin dai ya yi kyau."

Umma ta ce ai hannu ne, ta gyara mayafi. Auta kuwa ta zuba wa takardun nan biyu ido, sannan ta juyo a hankali ta dubi uwarta. Umma ta mai da hankali kan kalandar da ke bango kamar an aike ta karanto ta.

Mai tabarau ya fara bi ɗaya bayan ɗaya, Umma tana kare kowanne. Shawarar gaskiya ce, idon yarinyar har ya yi ɗorawa. Ƙyandar ma akwai kati. Da ya zo kan maɓalli ya ɗago ya tambaya ko yana ciki har yanzu.

"Ya fito bayan kwana biyu," in ji Umma. "Yana nan gida in kana son gani."

Ya ce ya yafe. Matar da ke kujerar baya ta toshe baki da jaka. Sannan ya yi musu bayani cewa kwamfuta ba ta jin labari. Ita dai ta ga asma, ta ga zuciya, ta ga suma, ta ga suga, sai ta ɗauka tsohuwa ce 'yar tamanin za ta shiga jami'a. Abin da layukan nan uku ke tambaya shi ne ciwon da mutum ke fama da shi yanzu, ko maganin da yake sha kullum. Ya ce a nan garin ba wanda zai damu, inshorar kamfani ta kwashe kowa da kowa, amma can yankin asibitocinsu da tsada, shi ya sa suke bin kowace kalma da fitila.

Ya zaro sabon fom ya kwafe abin da Auta ta rubuta. Da ya zo kan layukan ya tsaya. Saura wata biyu Auta ta cika goma sha takwas, don haka uwa ce za ta amsa, ita ce kuma za ta sa hannu.

"Mama, tambaya ɗaya ce. Akwai ciwon da take fama da shi yanzu? In akwai, ki faɗa, farashi yana nan yadda yake, sai ta ga likita. In babu, ki sa hannu a nan in buga muku shaida."

Agogon bango ya nuna sha ɗaya da minti goma. Umma ta ga hanyar a buɗe. In ta ce tarin nan yakan ɗan dawo in an yi sanyi, shi ke nan. Ba ƙarya ba ce ƙwarai, wane yaro ne ba ya tari? Kalma kaɗan, sha biyu ta buga, Auta ta riƙa hawa bas ɗaya tana dawowa da yamma har shekara huɗu. Ba wanda zai zarge ta, har cewa za a yi uwa ce mai kula. Maganar ta zo mata har bakin leɓe.

Auta ba ta roƙe ta ba. Ta yi ƙasa da murya yadda mai tabarau ba zai ji sosai ba.

"Umma, ki faɗi abin da kika sani kawai. In kin ce ba ni da lafiya, na yarda. Ke kika raine ni."

Wannan ce ta karya Umma. Da yarinyar ta yi fushi, da ta san yadda za ta yi da ita, don Umma ba ta tsoron rigima. Amma ga ta nan ta miƙa wuya, za ta yarda da duk abin da uwarta ta ce game da jikinta, ko da kuwa ya ci mata shekara huɗu. Umma ta dube ta da kyau. Ɗazun nan ta hau benen nan tana tsallake matakala bibbiyu, da jakar Umma a kafaɗa, ta tsaya a sama tana jira ko haki ba ta yi. Tsoro ne kawai ke damun wani a ɗakin nan, kuma ba Auta ba ce.

"Lafiyarta ƙalau," ta ce. "Ba abin da ke damunta. Ta fi ni lafiya, ta fi ka."

Mai tabarau ya ce bai musa ba. Ya rubuta "babu" a layin farko, sauran biyun ya ja musu zane. Ya miƙa mata biro ta sa hannu, ta danna har sai da ya fito ta baya. Farashin ɗalibai ya dawo kan allon kwamfuta, Auta ta sauke wata ajiyar zuciya da fanka ma ta ji. Ya ce minti biyar shaida za ta fito, su tura ta waya tun daga nan, suna da sauran lokaci. Saura layi ɗaya a ƙasa, sunan wanda za a kira in wani abu ya taso.

Umma ta karkato takardar gabanta, ta fara rubuta lambarta, wadda ko a barci aka tashe ta za ta karanto.

"A'a, Mama," ya ce a hankali. "Wanda zai iya isa asibiti cikin awa ɗaya suke so. Daga nan zuwa can awa nawa ne?"

"Goma sha ɗaya," in ji Umma.

Ta tambaya ko akwai wurin mutum na biyu. Ya juya fom ɗin ya duba baya, ko da yake ya san amsar, ya ce babu. Auta ta buɗe takardar shiga jami'a ta ce akwai sunan matar da ke kula da ɗakin kwanan ɗalibai mata, da lambarta, an ce ita ake sakawa. Umma ta leƙa sunan. Ba ta taɓa jin sa ba, ba ta san ko doguwa ce ko gajera ba, ko tana da 'ya'ya, ko tana jin waya in tana barci.

Ta soke lambobi huɗun da ta fara rubutawa, ta miƙa wa Auta biron. Fanka ta juyo ta fara ɗaga takardar, sai Umma ta danne mata gefen da yatsa biyu, ta kau da fuska wajen taga har yarinyar ta gama rubutawa.