Dutsen Bakin Kogo

Kwana arba'in da uku muka yi a kogon da ke saman garinmu Makin, mu gida tara da awakinmu, saboda jiragen Turawa. Da hantsi suke zuwa su zubo bama-bamai, ba sa tafiya sai la'asar. A ranar farko suka kashe mini uwa. Ƙuma ta cinye mu a kogon, amma ba ita ta hana ni sakat ba, Zangi ne.

Zangi ɗan baffan mijina Mehrdil ne. Bara, a kan rabon ruwan gona, Mehrdil ya harbe ƙanen Zangi. Tun ranar mijina bai ƙara fita daga hasumiyar gidanmu ba, ta 'yar taga yake leƙen masararsa. Sai jirgi ya rushe hasumiyar, ya rushe ta su Zangi, kogo kuwa ɗaya ne.

Dattawa suka yi yadda aka saba. Suka ajiye dutse a bakin kogo, suka ce muddin yana nan ba mai neman jini, kuma ba za a ɗaga shi ba sai jirage sun daina zuwa.

Haka muka zauna, tabarmarmu na gogar tasu. Kullum sai Zangi ya kwance bindigarsa ya shafa mata mai a gabanmu. Har gurasa yake miƙo wa mijina.

"Ci ka ƙoshi, ɗan baffa, ka rame. Kada a ce ƙashi na harba."

"Kai da ka kasa samun jirgi, ƙaton abu kamar rumbu, ni za ka samu?" in ji Mehrdil.

Sai a kwashe da dariya. Na tsani dariyar nan har cikin raina.

Na ce wa mijina mu gudu.

"Zuwa ina?" ya ce. "Soja sun tare hanyar ƙasa, jirgi ya tare sama. In ma na tsira, jinin kan ƙanena zai koma."

Ran nan hantsi ya yi, shiru. Azahar, shiru. Da la'asar wani ya hawo yana haki, ya ce manyanmu sun zauna da Turawa a garin Jandola, an yi sulhu. Mata suka fara naɗe tabarmi suna murna. Zangi ya saɓa bindiga, ya fita ya zauna yana fuskantar bakin kogo.

Dattijo Payo ya sunkuya zai ɗaga dutsen, na zube a gabansa.

"Baba, a bari sai gobe. Turawa ne fa, wa ya san gaskiyarsu?"

Ya dube ni, ya dubi Zangi. "Zuwa hantsin gobe, 'yata. Ban da iko da fiye da haka."

Gari na wayewa na tsaya kusa da dutsen, na ƙura wa sama ido. Ni da jirgi ya mayar marainiya, ga ni ina roƙon Allah ya dawo mini da ko guda ɗaya.

Hantsi ya yi, sama wasai. Payo ya sunkuya.