Farin Layi a Fuskar Yazidu

Takardar ta fito daga injin buga takardu da ɗuminta, Zahradeen ya ɗaga ta wajen hasken ƙofa. Farin layin yana nan. Ya sauko daga hular Yazidu, ya shafe idonsa na hagu da rabin baki, ya ratsa lambar wayar da ke ƙasa.

"Yaya, a haka ba wanda zai gane shi," in ji Nasiba.

Tun hantsi take zaune a bencin shagon da goyo a bayanta, ko ruwa ba ta sha ba. Mijinta Yazidu, ƙanen Zahradeen, yana cikin kwalekwalen da ya kife shekaranjiya a hanyar dawowa daga garin Malanbil, a tsallaken kogi. An ceto wasu, an tsamo gawar wasu, shi ba a gan shi ba. Ita ta ce wataƙila ruwa ya jefa shi wani ƙauye, yana can kwance bai san inda yake ba. Don haka a buga hotonsa, a liƙa a bakin kogi da tasha, a raba wa direbobin Kamba da na Dosso.

Zahradeen bai yi mata musu ba. Tun da labarin ya zo bai yi kuka ba, bai kuma ji yunwa ba. Abin da aka ce ya yi, shi yake yi.

Ya buɗe cikin injin, ya zaro kartush, wato ma'ajin tawada, ya girgiza shi a hankali don garin tawadar ya bazu. Baƙin gari ya zubo masa a yatsu. Ya mayar, ya sake bugawa. Layin bai gusa ba. Ya ce ko takardun ne suka sha danshin damina, ya farke sabon ƙunshi. Duk ɗaya. Ya goge tambur, wato koren bututun da ke ɗora tawada a takarda, ya juya shi yana neman ƙarzuwa. Lafiyarsa lau.

Wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ya leƙo da takardun duwan, wato kwastan, a hannu, ya dubi Nasiba, ya dubi tarin fuskokin Yazidu a kan tebur, ya yi sallama ya juya.

Wayar Zahradeen ta yi ƙara. Na'Allah ne, masuncin da ke jagorantar masu nema. Ya fita bakin ƙofa ya ɗauka.

"Malam Zahradeen, sai haƙuri. Mun same shi a ƙasa da gari, ciyawa ta riƙe shi. Ka zo da tabarma da mayafi. Kada ka zo da matarsa."

"To."

"Ka ji ni kuwa?"

"Na ji. Allah Ya saka da alheri."

Ya tsaya yana kallon 'yan kabu-kabu a kan baburansu suna kauce wa kwatamin ruwa a titi. Ya jira ya ji wani abu a ƙirjinsa. Shiru. Ya koma ciki.

"Wane ne, Yaya?"

"Bari in gama wannan."

Ya durƙusa gaban injin, ya haska cikinsa da fitilar waya. Can sama, a kan siririn gilashin da haske ke fitowa, fiffiken wani ƙwaro ya manne. Ya naɗe auduga a tsinke, ya ɗauke shi, ya goge wurin har ya yi fes. Ya rufe, ya danna.

Injin ya yi gurnani, ya turo takarda. Yazidu ya fito cikakke: idanu biyu, wushiryarsa, har da tabon da ƙugiya ta yi masa a haɓa suna yara.

Nasiba ta miƙe ta karɓa da hannu biyu. Karo na farko tun shekaranjiya fuskarta ta saki.

"Yauwa! Wannan shi ne. Ko daga nesa aka hango shi za a gane. Buga da yawa, Yaya, in fara da tasha kafin motocin la'asar su tashi."

Zahradeen ya dubi yatsunsa baƙi ƙirin. Ya goge su a jikin riga, suka bar shaida. Injin yana jiran umarni, koriyar fitilarsa tana ƙiftawa. Ya miƙa hannu bayansa ya kashe shi.

"Nasiba," ya ce, "kwanto yaron nan ki ba ni shi. Zauna tukuna."

Ta dube shi, ta dubi wayar da ke hannunsa. Sannan ta fara kwance zanen goyon a hankali, ba ta saki takardar ba.