Kumai Ya Shuka Naman Kaza

Ƙanena Kumai, in dai maganar citta ce, duk ƙauyenmu na kusa da Kwoi ba mai kama ƙafarsa. Matsalarsa ɗaya ce: yana ganin duk abin da Allah ya halitta citta ne. Da za a bar shi, akuya ma sai ya yayyanka ta ya binne, ya rufe da ganye, ya zauna jiran ta tsiro.

Matarsa Afiniki tana da wani tsohon shuri a cikin duhuwa, bayan gonarsu. Duk shekara in ruwan farko ya jiƙa ƙasa, naman kaza yakan fito a gefensa, fari tas, buɗe kamar laima, ba irin na kwaɗi mai kisa ba. A wurinmu ba a faɗar inda ake samun naman kaza. Mace ce ke raɗa wa mace. Mamarmu ce ta nuna wa Afiniki kafin ta rasu. Ni da ta haifa ba ta nuna mini ba, kuma har yau abin yana yi mini ciwo, amma a bar wannan.

Shekarar 1976 rediyo ta dame mu da kowa ya koma gona. Kumai ya ce shi zai zama na farko da zai noma naman kaza, ya riƙa loda shi a jirgin ƙasa a Kafanchan. Rannan Afiniki ta kawo kwando guda don miyar Zumuntar Mata, ta tafi rafi. Kafin ta dawo, gogan naka ya yayyanka shi kamar irin citta, ya jera a kunya, ya lulluɓe da ganye. Matan coci suka ci miyar karkashi. Kunyar da ya binne shi kuwa ta yi ɗoyin da kare ma ya sake hanya.

Mai hankali da ya tsaya nan. Ina! Kumai ya ce ai saiwar ce bai samu ba. Ya laɓaɓa ya bi Afiniki ya ga shurin, washegari ya koma da diga. Ya farfashe shi har gindi, ya kwaso wasu abubuwa masu kama da saƙar zuma, da ɗigo-ɗigon fari a jiki, gara na cizonsa yana murna. Ya shuka su a tsakiyar rana, suka bushe ƙayau.

Da Afiniki ta ga ramin, ba ta yi ihu ba. Ni ce na yi ihun. Ita zama ta yi a ƙasa tana share hawaye, don wannan ne kaɗai abin da Mama ta bar mata. Sannan ta dube shi.

"Baban Clara," ta ce, "ba za ka ƙara jin muryata ba sai ranar da naman kaza ya fito."

Kumai ya garzaya wurin Malam Gregory, malamin firamare, riƙe da ragowar saƙar a hula. Ni ma na bi shi, don in ji da kunnena. Malam ya jujjuya abin, ya yi ajiyar zuciya.

"Kumai, naman kaza ba tsiro ba ne. Ka taɓa ganin koren ganye a jikinsa? Ba ya cin rana, ruɓaɓɓen abu yake ci. Ɗan uwansa shi ne fumfunar da ke kama tuwon da ya kwana biyu. Laimar da kake gani ɗa ne kawai, ita ke zubar da iri mai laushi kamar ƙura. Ainihin jikin siraran zare ne a ɓoye cikin ƙasa."

"To, wa ya shuka shi a shurin?"

"Gara. Su ke kwaso ciyawa, su tauna, su gina wannan saƙar, zaren ya bi ta yana ci, su kuma su ci daga gare shi. Gonarsu ce ka fasa."

Kumai ya zaro ido. "Yesu! Gara manoma ne?"

"Tun kafin kakanka ya riƙe fartanya."

Daga ranar gidan ya zama abin kallo. Afiniki za ta ajiye masa tuwo, ta ce da ni, "Yaya Paulina, ki gaya wa ƙanenki gishiri ya ƙare," alhali ga shi zaune gwiwarsa na taɓa tata. In ba na nan, da kaza take magana. Fasto ya zo ya yi wa'azin gafara. Ta ce ta gafarta, magana ce dai ba za ta yi ba. Kumai ya rame. Mutumin da a da in ya ga gara sai ya kawo toka da ruwan zafi, yanzu shi ne ke ɗaukar kara da busasshiyar ciyawa zuwa ramin yana cewa, "Ku yi haƙuri, ku dawo." Sauran karan ya jibge a gindin rumbunsa.

Ramin ya ci gaba da zama rami. Amma gara ta ji daɗin karan gindin rumbu, ta gama da shi, ta hau itacen da ke riƙe da rumbun. Ko waɗanda ya kora ne, ko danginsu, oho. Kumai bai lura ba sai da rumbun ya karkace.

Damina ta sake zagayowa. Da safe bayan ruwan farko, ya fito da diga da tukunyar ruwan zafi, idonsa jawur, zai ceci rumbun da ya gina da hannunsa. Sai ya tsaya cak. A gindin rumbun, ga fararen laimomi sun ɗago ƙasa.

"Kada ka taɓa," in ji wata murya a bayansa.

Afiniki ce. Da shi take, ba da ni ba, ba da kaza ba.

Kumai ya ajiye digar a hankali. "Me kika ce?"

"Na ce kada ka taɓa, kurma ne kai?"

"Sake faɗa, don Allah."

Ranar muka kwashe dawar da ke cikin rumbun zuwa ɗakin kwanansu. Rumbun ya faɗi kafin kaka, kuma duk wanda ya zo yi masa jaje, Kumai yakan ce ai ba faɗuwa ya yi ba, maƙwabta ya ba aron fili su yi noma.