Inno Ba Ta Ci Komai Ba

Shekara goma sha ɗaya na yi ina riƙe da sashen abinci na wani asibitin gwamnati a ƙasar Gwandu, kuma in ka ji an ce shugaba kada ka zaci wata kujera ce mai juyawa. Ni ce mai tsara abin da kowane majinyaci zai ci, ni ce mai faɗa da mai kawo itace, ni ce mai ɗaure zane in kama muciya ranar da kuku ta tashi da ciwon baya. A takarda sunana Rahmatu Mamman Kalgo, amma tun daga likita har mai gadi Uwar Tuwo suke ce mini. Na yi fushi da sunan nan har na gaji, na koma amsawa.

Abin ya faru ne a 1992, bayan an yanke jihar Kebbi daga Sakkwato. Aka raba ma'aikata, mu aka bar mu da likita ɗaya, Dakta Yusufu, da kuku uku a wurin da bakwai suke aiki da. Likitan fiɗa kuwa ba mu da shi. Larabar farko ta kowane wata yake zuwa daga Birnin Kebbi tare da mai ba da maganin barci, su yi abin da ya samu kafin azahar, su wuce wani asibitin. Wanda ranar ta kuɓuce masa sai wani watan, in da rai.

Cikin damina aka kawo Inno daga wata ruga a bayan Maruda. Mijinta Hamidu ne ya kawo ta, dogon dattijo da malafa, mai magana kamar ba ya son a ji. Ƙari ne a mahaifarta, jini na zuba tun kaka. Dakta Yusufu ya ja fatar idonta ƙasa ya nuna mini, fari fat.

Ya ce, "Uwar Tuwo, wannan taki ce. Saura mako uku mai fiɗa ya zo. Zan ba ta ƙwayoyi, amma jinin da za mu ƙara mata ba mu da shi. In jininta bai hau ba, ba wanda zai sa mata wuƙa, ƙarin nan kuma ba zai jira mu ba."

To, ka ji aiki. Kwana biyun farko duk abin da aka kai mata haka yake dawowa, ko murfi ba a ɗaga ba. Na je da kaina da niyyar in yi faɗa. Na tarar da ita ta ja mayafi har baki, ɗakin mata cike da 'yan dubiya, maza da mata. Sai na tuna da wa nake magana: Bafulatana ce, ko yunwa za ta kashe ta ba za ta tauna abu a gaban jama'a ba. Na koma gida na kwance labulen ɗakina, na ɗaura igiya na zagaye gadonta da shi. A ranar ta cinye tuwon shinkafa malmala guda.

Daga nan muka saba. Kifi ta ce sai dai a yanka ta, na bar ta. Hanta nake dakawa in ɓoye a miyar zogale, in dafa mata wake har ya narke, da safe kunun gyaɗa. Fura da nono kuwa ni da bakina na ce Hamidu ya riƙa kawowa daga ruga, don nasu ya fi namu, kuma shi cikinta ya sani. In na shiga bayan labulen sai ta ce, "Malama, yau mi kika ɓoye mini ciki?" In ce, "Ci ki rufe mini baki, ba abin da na sa." Sai ta yi dariya tana riƙe da mara. Wallahi na so matar nan, ni da ba kasafai nake sa majinyaci a rai ba.

Ranar Litinin ta ƙarshe kafin mai fiɗa ya zo aka auna jininta, ya hau. Ba sosai ba, amma ya isa. Dakta Yusufu ya rubuta sunanta a jerin waɗanda za a yi wa fiɗa, na biyar, na ƙarshe.

Talata ta zo mini da duk wani abin haushi. An kwana ana ruwa, itacen da aka sauke jiƙaƙƙe sharaf, hayaƙi ya cika kicin har ba ka ganin wanda ke kusa da kai. Injin niƙa ya tsaya. Jummai, babbar kukuna, aka aiko ɗiyarta na naƙuda a Dangoma, ta ajiye muciya ta tafi, kuma me zan ce mata? Ni na tuƙa tuwon mutum sittin ran nan. Ana kiran la'asar ina zaune a kan buhu, ƙafafuna sun kumbura, sai ga Sista Halima mai kula da ɗakin mata.

Ta ce, "Uwar Tuwo, Innonki ba ta jin maganar kowa sai taki. Ki je ki yi mata bayanin gobe."

Bayanin ba wuya. Wanda za a sa wa maganin barci dole cikinsa ya zama babu komai, don in ya yi amai yana kwance sai ya shaƙe, abin ya gangara huhu, shi ke nan. Na ja ƙafa na je, ko zama ban yi ba. Na leƙa labule na ce, "Inno, daga isha'i kada ki ci komai har a gama aiki. Kin ji? Komai." Hamidu na zaune a tabarma, na ce, "Malam Hamidu, ka ji dai." Ya ce, "Awo, Malama, mun jiya." Na juya na tafi. Ni, haifaffiyar Kalgo, wadda ta shekara goma tana yi wa masu ciwon sukari ihu cewa fura ma abinci ce, abin da na faɗa ke nan, ban ƙara ko kalma ba.

Laraba da hantsi ina fama da rabon abinci, ban samu kaina ba sai wajen sha biyu saura. Na wanke hannu na ce bari in je in raka ta ƙofar tiyata. Na tarar har an ɗora ta a gadon turawa, Sista Halima na riƙe da takarda tana tambaya.

"Inno, kin ci wani abu yau?"

"Ban ci komi ba."

"Tun jiya?"

"Tun jiya."

Sista ta yi alama a takarda. Na sunkuya na kama hannun Inno zan yi mata addu'a, sai na ji ƙanshin nono a numfashinta. Na waiga ƙarƙashin gadonta, ga ƙwarya an kife da faifai, ludayi a kai bai ko bushe ba.

Na ce, "Inno, kin sha wani abu?"

Ta ce, "Hura kaɗai."

Ko ɗar ba ta ji ba, don ba ƙarya ta yi ba. Wa ya taɓa cin fura? Sha ake yi. Hamidu ya matso ya ce ya ga rana ta yi, an shiga da mutum huɗu ita tana kwance, leɓenta ya bushe, shi ne ya dama mata. Ba a fi awa ɗaya ba. Ƙwarya guda ta shanye, kamar yadda na koya mata kada ta rage.

Ba zan ɓoye ba, na so in rufe maganar. Sista ba ta ji ba, ta juya tana magana da mai tura gado. Zuciyata ta ce, mako uku, Rahmatu, wataƙila ba abin da zai faru. Allah na tuba. Na dafe gadon na ce, "Sista, tsaya. Ta sha fura."

Likitan fiɗa ya fito da kansa, ya sauke ƙyallen bakinsa. Gajiyayye ne shi ma, idonsa jajir.

Ya ce, "Wa ya yi mata bayani?"

Na ce, "Ni ce, ranka ya daɗe."

"Me kika ce mata?"

"Na ce kada ta ci komai."

Ya dube ni, bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Na roƙe shi ya jira zuwa la'asar. Ya ce fura mai kauri da nono sai ta yi awa takwas, kuma mutum shida na jiran su a gaba, tun jiya ba su sa komai a baki ba. Ya ce, "Wata mai zuwa ki sa ta farko." Kafin a kira azahar motarsu ta fita.

A nan ne na yi abin da ya fi na jiya muni. Haushin kaina nake ji, amma ban san inda zan sauke shi ba, sai na sauke a kan marasa laifi. Na ɗauko ƙwaryar nan na ɗaga a gaban ɗaki duka, na ce, "Kun ga wannan? Furar nan ita ta cuce ki, Inno! Mako uku ina dakan hanta, fura ta ɓata komai! Fura, fura, ku ba ku san komai ba sai fura!" Na dangwarar da ita na fita. Ina jin Hamidu na cewa, "Ki yi haƙuri, Malama," ban waiga ba.

Washegari suka nemi sallama. Shanu na can nesa da gonaki, ba babba a wurinsu, ga gado ana nema. Dakta Yusufu ya ba ta ƙwayoyi na wata guda, ya ce su dawo Litinin kafin Larabar. Jummai ta shigo kicin ta ce, "Uwar Tuwo, Innonki za ta tafi, tana tambayarki." Na ce ina zuwa. Shinkafa na kan wuta, ga mai itace ya zo, ga kunya ta hana ni. Da na fita har sun bar bakin ƙofa. Labulena ta naɗe shi tsaf ta ajiye a kan gado.

Watan nan na yi shi ne kamar yadda na saba yin sauran, tuwo da miya da faɗa. Ranar Asabar in hau mota in je Kalgo in ga uwata, Lahadi in dawo. Sau biyu na ce zan nemi rugarsu, sau biyu wani abu ya taso. Na dai tabbatar sunanta na farko a takarda, na ce wannan karon ni zan tsaya a kanta, ko ruwa ba zai wuce ba.

Sun cika alkawari, Litinin da hantsi suka iso. Mai gadi ne ya leƙo ya ce, "Uwar Tuwo, baƙinki." Na fita da murnata, sai na ga Hamidu da wani mutum sun sauko da ita daga mota a tabarma. Innalillahi. Ban gane ta ba sai da ta yi murmushi. Wuyanta ya zama kamar kara, awarwaronta ya zame har gwiwar hannu.

Na ce, "Malam Hamidu, me ya same ta? Zubar jinin ce ta ƙaru?"

Ya ce jini kam yana nan yadda yake. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hura ce ta bari, Malama. Tun ranar nan ba ta sake sa ta a baki ba, ko nono. Ta ce ke kika ce ita ta cuce ta, ba ta son ta sake ɓata miki aiki. Mu kuwa a daji mi muke da shi in ba ita ba? Sai ɗan tuwo, shi ma loma biyu ta ture. Na yi, na yi, ta ce sai abin da Malama ta ce."

Na durƙusa a gabanta. Ta kamo yatsana da ƙyar, tana jin daɗi kamar wadda ta kawo tsaraba, ta ce, "Malama, wanga karon ban ci ba, ban sha ba."

Dakta Yusufu ya zo ya ja fatar idonta. Ya ciro biro ya soke suna na farko. Jininta ya fi na ranar da aka fara kawo ta sauka.

Na koma kicin. Jummai ta ga fuskata ta matsa gefe. Na aika aka samo nono mai kyau da fura daga kasuwa, na zauna a ƙasa na dama da hannuna, ina damawa ina kuka, ban damu da wanda ya gani ba. Na sake ɗaura labule, na shiga na tallafo kanta, na kai ludayi bakinta. Ta rufe leɓe, ta dube ni, ta dubi ƙwaryar.

Ta ce, "An yarda?"

Na ce, "An yarda, Inno. Ni ce na yi kuskure, ba fura ba. Sha."

Sai da na kurɓa a gabanta sannan ta buɗe baki. Ludayi uku ta iya, ta kawar da kai. Na yi ta bin ta da kunu da romo kwana goma sha ɗaya, kullum abin da take karɓa raguwa yake yi. Ta rasu ranar Juma'a da hantsi, lokacin ina kicin ina auna shinkafar rana.