Abin da Namadi Ya Binne a Gindin Tsamiya

Duk Gummi babu wanda ya taɓa kai wa Namadi baduku aiki ya dawo yana ƙorafi. Shekara talatin yana ɗinka gafaka da kube da layu, kuma abin da yake taƙama da shi ke nan, cewa amana ba ta lalacewa a hannunsa. Mutum ne mai tsoron Allah, sai dai yana da hali guda mai ban haushi: in ya ga abu a karkace ba ya tambayar mai shi, gyarawa kawai yake yi.

A daminar 1981 Malam Nuhu, malamin dabbobi, Kirista mutumin Zuru, ya kawo masa wani littafi mai kauri naɗe a tsumma. Bango ya fita, zare ya saki, takardun gaba duk sun sha ruwa.

"Baba Namadi, littahin addininmu na, na marigayi babana," in ji Nuhu. "A yi mai bangon fata. Za ni Bukkuyum allurar shanu, sai bayan sati ukku."

Namadi ba ya karanta boko. Don kada ya jera takardun a birkice, sai ya kira maƙwabcinsa Magaji tela, wanda ya yi yaƙi da jahilci. Magaji ya bi layi da yatsa, ya karanta sunan Musa. Ya buɗa tsakiya, ya karanta sunan Dawuda.

Namadi ya ajiye basilla. "Mi kac ce?"

"Attaura ta, ga Zabura. Linjila sai can ƙarshe, 'yar kaɗan."

Tun yana makarantar allo Namadi ya san Attaura ta Annabi Musa ce, aka ba Yahudawa, Linjila kuwa ta Annabi Isa ce, aka ba Nasara. Kowane annabi da littafinsa, kowace al'umma da nata. To wa ya ɗinke littafin Yahudawa a jikin na Kirista? A ganinsa wani baduku ne maras kula ya taɓa haɗa kayan mutum biyu. Har tausayin Nuhu ya kama shi, bawan Allah yana ta yawo da littafin wasu bai sani ba.

Magaji ya ce a bari mai shi ya dawo. Namadi ya harare shi, ya tambaye shi ko yau tela zai koya masa dukanci.

Ya sa wuƙa ya raba littafin. Linjila ya yi mata bango da jar fatar akuya, aikin da shi kansa ya yaba. Sauran kuwa sun yayyage, suna warin ruma, ga su cike da sunayen annabawa. Ba a barin irin wannan inda ƙafa ko akuya za ta taka. Sai ya yi musu abin da ake yi wa tsofaffin takardun Alƙur'ani: ya yi alwala, ya naɗe su a farin ƙyalle, ya haƙa rami mai zurfi a gindin tsamiyar bayan gari, ya binne. Ya koma gida yana jin ya yi aikin lada.

Ranar da Nuhu ya dawo, ya karɓi littafin da murmushi, ya auna shi a tafin hannu, murmushin ya ɗauke.

"Baba, ina sauran?"

Namadi ya yi masa bayani tiryan-tiryan, yana jiran godiya. Nuhu ya zauna a kan buzu ba tare da an ce ya zauna ba.

"Ba kuskure ba na, Baba. Haka littahin yake. Na gaban muna ce mai Tsohon Alkawari. Na Yahudawa na, kuma namu na. Shi Isa Almasihu da kainai ya karanta cikin majami'a."

"Kana nuhin ku da Yahudawa littahi guda kuka karatu?"

"Na gaban, i. Su nan sunka tsaya, mu munka ɗora na baya bisa nai. Ba a raba su."

Namadi bai gama haɗiye wannan ba, Nuhu ya ce a hankali, "Takardar farko hwa? Wadda babana ya rubuta sunayenmu da hannu nai, da ranar da Inna ta rasu?"

Namadi ya ɗauki fartanya ya nufi tsamiyar, Nuhu yana biye da shi. Sati uku ruwan Agusta yana sauka a wurin. Da suka kai ga ƙyallen, gara ta riga su. Abin da Namadi ya ɗago wani curi ne kamar jiƙaƙƙen tuwo, yana marmashewa tsakanin yatsunsa. Kunya da tsoro suka rufe shi.

Nuhu ya daɗe yana kallon farin ƙyallen. "Da alwala ka binne shi?"

"Da alwala, awa namu."

"To mai da shi, Baba."

Namadi ya mayar, ya fara tura ƙasa. Nuhu ya tsaya a kansa yana kiran sunayen da ke takardar da ka, don kada su ma su tafi: Sambo, Maimunatu, shi kansa, kowa da shekarar haihuwarsa. Da ya zo kan ranar rasuwar Inna ya ce, "Ran Talata, watan..." sai ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa a nan.

Yana da shekara huɗu lokacin da ta rasu, kuma duk waɗanda suka san ranar sun riga sun bi ta. Namadi ya riƙe fartanya yana jira ya tuna. Nuhu bai tuna ba.