Fuskar Gwamna Pruitt

A duk garinmu, kakata Orpha kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga Gwamna Lemuel Pruitt da idonsu. Jikarsa ce, a gidansa ta tashi har ya rasu tana 'yar budurwa. Shi ya jagoranci kekunan shanu na farko zuwa wannan kwari, shi ya yi ta fafutuka har aka mai da yankin jiha. Hoto ɗaya tak aka taɓa zana masa da hannu, shi ma ya ƙone da tsohuwar kotu. Fuskar mutumin dai a cikin kan Kaka kawai ta saura. Mu jikoki mun sha jin cewa gajere ne, mai zanzana, sanyi ya cinye masa rabin kunnen hagu.

Sai ga fim ɗin tarihinsa ya iso daga California a shekarar 1940. Wanda ya fito a matsayinsa wani zabgegen mutum ne mai faɗin kafaɗa, kunnuwa biyu cif, haƙora reras. Ya kashe zakin dutse da hannu, ya yi jawabi a kan doki, abin da Kaka ta ce Gwamna bai taɓa yi ba domin tsoron doki yake, alfadari yake hawa. Mutanen garinmu kuwa suka dinga tafi kamar an biya su.

Mista Dunaway mai gidan sinima ya ba Kaka kujera kyauta, wai don girmamawa. Ni na san talla yake da ita. Tun da baƙi masu yawon buɗe ido suka fara tururuwa garinmu saboda fim ɗin, kowace Asabar da rana sai ya haska fim ɗin, Kaka kuwa ba ta fashi. Takan ɗora hularta ta zuwa coci, ta zauna a layin gaba, ta dinga ƙaryata majigin da sandarta. Baƙi su yi ta dariya, ita ko a jikinta. Na sha ce mata ta bar zuwa, ta ce in ta bari wa zai gaya musu gaskiya.

Haka aka shafe shekaru, har majalisar gari ta yanke shawarar kafa mutum-mutumin Gwamna a dandali. Alƙali Ledbetter, shugaban kwamitin, ya ce a sassaƙa fuskar ɗan fim kawai, ai ita baƙi suka sani. Ni malamar makaranta ce, kuma ban iya haɗiye magana ba. Na miƙe a taron na tambaye shi ko zai yarda a kafa hoton maƙwabcinsa a kan kabarin ubansa. Daga ƙarshe suka ce to, za a kawo mai sassaƙa har gidanmu, abin da Kaka ta kwatanta shi za a yi. Na dawo gida ina jin kaina a sama.

Mista Vance mai sassaƙa ya zo wata safiya, Alƙali na biye da shi. Na dafa kofi, na yanka musu gurasar masara. Tun bai zauna ba na fara zayyano masa gajarta da zanzana da kunne. Ya saurare ni da ladabi, sannan ya ce waɗannan alamu ne, ba su isa fuska ba. Shi hanci yake so, da goshi, da haɓa, da yadda idanu suka zauna. Ya juya wajen Kaka da fensirinsa.

Kaka ta lumshe ido ta fara faɗa, shi kuma yana zanawa. Na leƙa ta bayansa. Ɗan fim ne sak a kan takardar, an dai gutsure masa kunne.

Ta karɓa ta kai kusa da idonta. "Ba shi ba ne, ɗan nan. Sake."

Ya ɗauko sabuwar takarda. Ta sake lumshe ido, wannan karon a hankali take magana, tana tsayawa, tana gyara abin da ta faɗa. Aka gama, mutumin nan dai ya sake fitowa. Mista Vance bai ƙara ko layi ɗaya nasa ba, a gabana aka yi.

"To, Malama," in ji Alƙali yana kurɓar kofina, "ashe mutanen California ba su yi nisa da gaskiya ba."

Na so in watsa masa sauran kofin a riga. Amma Kaka nake kallo. Ta ƙura wa takardar ido.

"Ina jin warin tabarsa," ta ce. "Ina jin tarinsa a bayan ƙofa. Da na buɗe ƙofar sai in ga wannan dogon."

Na durƙusa kusa da ita na ce ta huta, gobe za ta tuna. Gobe ta zo ba ta tuna ba, haka jibi. Na kai ta tsohon gidan da ta tashi, na zaunar da ita a bakin rijiyarsa, na ambato mata sunayen 'yan'uwanta ɗaya bayan ɗaya. Duk ta tuna su, har da karen gidan. Shi ne dai ya ƙi zuwa. Baƙin ciki ya ishe ni, kuma na rasa wanda zan kama da laifi. Ba ni da wata shaida da zan kai wa kwamiti, tunda shaidar tawa ita ce.

Aka ba Mista Vance hoton ɗan fim ya tafi da shi. Don a rufe mini baki, Alƙali ya ce za a rage tsawon da ɗan kaɗan.

Da Asabar ta zagayo, ina wanke-wanke na ji motsi a bayana. Kaka ce tsaye, ta riga ta ɗora hula. Na ce mata haba Kaka, me kuma za ki je ki gaya musu, ai sun gama da mu.

"Ba faɗa zan je yi ba, 'yar nan," ta ce. "Kewar kakana nake ji. Kai ni in gan shi."

Na goge hannuna na kai ta. Ta zauna a layin gaba, har aka tashi ba ta ce uffan ba.