Lotsar da Ke Fitowa a Gudu

Shekara talatin na yi ina gyaran jikin mota a Apo, cikin Abuja, ban kuma koya wa wanda ya kai Silas iya aiki ba. Don haka da na ji Wakili, mai kula da motocin wani kamfani, zai kwashe aikinsa daga rumfar Silas, sai na ɗauki sandata na nufi rumfar. Aikin nan shi ke ciyar da gidan Silas.

Rigimar a kan ƙofar motar Wakili ce. Silas ya buge ta, ya fesa baƙin fenti mai sheƙi, amma sau uku ana dawo da ita.

"Baba Kure, a lotse take," in ji Wakili.

Na shafa da tafin hannu. Sumul.

"Ina lotsar?"

"A nan ba ta fitowa. Sai na isa gida."

Silas ya ce, "Oga, ko dai tsoron Apo take ji?"

Na ce, "Ku yi mini shiru. Mu je gidan."

A unguwar Gudu, Wakili ya ajiye motar inda ya saba, gefen get. Sai ga lotsa a tsakiyar ƙofa, ƙiri-ƙiri. Silas ya ce, "Yesu!" Na sake shafawa, ba komai. Na matsa hagu, lotsar ta biyo ni. To ni dai tunda nake ban taɓa ganin lotsa mai tafiya ba. Na waiwaya. Ƙarafan get ɗin ne suka lanƙwashe, fentin kuwa ya ɗauko hotonsu kamar madubi.

"Wa ya daki get ɗin nan?"

"Madam ce, tana koyon ribas. Ba shi ya kawo mu ba."

Na yi masa bayani har sau biyu. Ya ce, "Baba, ni mota nake kallo, ba get ba."

Na ce wa Silas, "Ɗauko gudumarka."

Silas ya hau get da bugu, Wakili na ihu wai an zo rushe masa gida. Da ƙarafan suka miƙe, na juya Wakili ya fuskanci motar. Ya duƙa, ya leƙa ta nan, ya leƙa ta can.

"Yawwa! Ka ga abin da nake faɗa? Da tun farko ka sa hankali ka yi aikin nan, da ba mu wahalar da tsoho ba. Litinin zan aiko maka da bas biyu."

Silas ya buɗe baki zai yi gardama. Na taka masa ƙafa.